Shafen Kabon Mai Tauri da Matsalar Gogayya a Mazaunan Inji



Gabatarwa

Batun da aka ɗora mini in yi jawabi a kansa shi ne wani irin shafe na sinadarin kabon da ake yi wa waɗansu ƙarafa na cikin inji, domin a rage gogayya da zaizayewa a wuraren da ƙarfe ke motsi a kan ƙarfe. Shafen nan siriri ne ƙwarai da gaske, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin 20 na kaurin silin gashin kai ba, amma taurinsa ya ninka na ƙarfen da aka shafa wa sau biyu zuwa sau biyar, ko ma fiye da haka. Wanda ya ji wannan zai zaci abin da ya rage kawai shi ne a bi kowane lungu na inji a shafe shi, kowa ya huta. To, al'amarin bai kai haka sauƙi ba. Abin da nake fata mu fita da shi daga wannan zaure shi ne sanin inda tauri ke da amfani a cikin inji, da inda taushi ya fi shi, da kuma yadda wannan bambanci ya shafi aljihun mai mota da baitulmalin gwamnati.

Asarar da gogayya ke jawowa

Kowanenmu ya san gogayya tun yana yaro. Ita ce ke sa tafin hannu ya yi ɗumi idan an murza shi da sanyin asuba, ita ce kuma ke sa igiyar guga ta yi wa bakin rijiya tsagi bayan shekaru. Abubuwa biyu ke nan take haifarwa a ko'ina: zafi, watau ƙarfin da ya tafi a banza, da zaizayewa, watau jikin abu da ke ƙarewa a hankali. Hausawa na cewa yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

An daɗe ana kallon wannan a matsayin damuwar kanikawa kaɗai, har shekarar 1966, lokacin da wani kwamiti da gwamnatin Ingila ta kafa a ƙarƙashin Peter Jost ya ƙiyasta cewa masana'antun ƙasar za su iya tsimin fam miliyan 515 a kowace shekara, in da za su yi aiki da abin da aka riga aka sani game da gogayya da zaizayewa da sa mai. Rahoton nan ne ya raɗa wa fannin suna tiraiboloji.

Game da mota kuwa, a shekarar 2012 Kenneth Holmberg da Peter Andersson na ƙasar Finlan, tare da Ali Erdemir na ɗakin binciken Argonne a Amurka, sun buga wani lissafi da ya nuna cewa kimanin sulusin ƙarfin man da ƙaramar mota ke sha yana ƙarewa ne wajen yaƙi da gogayya a inji, da giya, da tayoyi, da birki. A lissafinsu, man da ƙananan motocin duniya suka ƙone a kan wannan a shekarar 2009 ya kai lita miliyan 208,000. A cikin inji kansa, fistin da zobbansa ne ke da kaso mafi tsoka, sai mazaunan karanshaf, sa'an nan sashen bawul. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, ba sai an yi wa kowa dogon bayani a kan darajar lita guda ba.

Yadda mazauni ke aiki

Mazauni shi ne wurin da sanda mai juyawa ke zama. Iri biyu ne muka fi sani. Akwai boris, mai 'ya'yan ƙarfe da ke gangarawa, kamar na ƙafar keke. Akwai kuma wanda ba shi da 'ya'ya ko kaɗan, ɓawo biyu ne kawai masu siffar rabin da'ira da ke rungume sandar, waɗanda kanikawanmu ke kira mital. A kan irin wannan na biyu karanshaf ke juyawa, da shi kuma ake haɗa ta da sandunan da ke riƙe da fistin.

Abin mamaki a nan shi ne, idan inji yana gudu daidai, karanshaf ba ta taɓa mital ko kaɗan. An gano haka ne a shekarar 1883, sa'ad da wani injiniya a Ingila mai suna Beauchamp Tower yake gwaji a kan mazaunin ƙafar jirgin ƙasa. Ya huda rami a saman mazaunin domin zuba mai, sai ya ga mai yana ɓullowa ta ramin. Ya toshe da abin toshe kwalba, mai ya turo shi waje. Ya buga itace, shi ma aka turo shi. Da ya ɗaura ma'auni, sai ya tarar man da ke tsakanin sanda da mazauni yana da matsi mai ƙarfin gaske. A shekarar 1886 Osborne Reynolds ya bayyana dalili da lissafi: sanda mai juyawa tana jan mai zuwa cikin matsattsen wurin da ke ƙarƙashinta, man ya rasa hanyar fita da sauri, sai ya ɗaga ta ta riƙa yawo a kansa.

Tazarar da ake bari tsakanin sanda da mital ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na kaurin sandar ba. A lokacin da wuta ta tashi a silinda ta danno fistin, kaurin man da ke raba ƙarafan biyu yakan ragu har zuwa wajen maikuron 1, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

A shekarar 1902 wani Bajamushe, Richard Stribeck, ya auna yadda gogayya ke sauyawa da gudun sanda da nauyin da ke kanta, kuma daga aikinsa aka fitar da halaye uku. Hali na farko, mai ya raba ƙarafan sarai, babu zaizayewa, gogayyar da ta rage ta kaurin man ce kawai. Hali na biyu, man ya yi siriri har tsinin wannan ƙarfe ya fara shafar na wancan, domin duk sulɓin da ido ke gani, fuskar ƙarfe tudu da kwari ce. Hali na uku, man ya kasa ɗaukar nauyi, ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe. Mital yana shiga hali na biyu da na uku ne a lokacin tayar da inji da lokacin kashe shi. Amma akwai sassan da kusan kullum a can suke, saboda ba sa yin cikakken juyi mai sauri: sandar da ke ratsa fistin, wadda lilo kawai take yi, da zoben fistin a daidai inda yake tsayawa ya juyo, da wurin da kamshaf ke danna bawul. Ina roƙon a riƙe wannan rabe-rabe, domin a kansa sauran jawabin ya dogara.

Injunan zamani sun ƙara tura ƙarafa zuwa ga haɗuwa da juna. An ƙanƙanta inji an ƙara masa ƙarfi, saboda haka nauyin da ke kan kowane mazauni ya ƙaru. An tsinka baƙin mai domin tsimin fetur, daga irin 20W-50 da muka saba da shi zuwa 0W-20, har aka shigar da aji na 16 cikin ma'aunin mai a shekarar 2013. Sa'an nan ga motocin da ke kashe kansu a danja su tashi da kansu. Masu ƙera mital sun ƙiyasta cewa inda injin da yake tashi kamar sau 50,000 a rayuwarsa, irin wannan sabon zai iya kaiwa sau 500,000.

Mene ne shafen kabon mai tauri?

Kabon shi ne sinadarin da ya fi yawa a gawayi. Shi ne kuma daimon, wanda wasu ke kira lu'ulu'u, shi ne har wa yau girafait, watau baƙin abin da ke cikin fensir. Bambancinsu yana ga yadda ƙwayoyin zarra suka riƙe juna. A daimon kowace ƙwaya tana riƙe da huɗu ta kowace fuska, shi ya sa babu wani ma'adini da ya kai shi tauri. A girafait kowace ƙwaya tana riƙe da uku a shimfiɗe, falle a kan falle, kuma fallayen suna zamewa a kan juna, shi ya sa fensir ke rubutu. Shafen da muke magana a kansa ya haɗa riƙon nan iri biyu a cakuɗe, ba tare da tsari na layi ba, ya ɗebo tauri daga daimon, ya ɗebo santsi daga girafait. A masana'antu ana taƙaita sunansa da haruffa uku, DLC.

Heinz Schmellenmeier ya ba da rahoton samun irin wannan kabon mai tauri a Jamus a shekarar 1953, amma aikin Sol Aisenberg da Ronald Chabot na 1971 a Amurka shi ne ya jawo hankalin masana, ya kuma kafa masa suna kabon mai kama da daimon. Iyali ne mai rassa da yawa, amma biyu sun ishe mu. Akwai mai ɗauke da iskar haidirojin a jikinsa, akwai kuma marar haidirojin, wanda riƙon daimon a cikinsa kan kai kashi 80 cikin ɗari. A ma'aunin tauri na Vickers, ƙarfen da aka ƙarfafa da wuta yana wajen 700 zuwa 800, mai haidirojin yana tsakanin 1,500 da 3,000, marar haidirojin yakan haura 4,000, shi kuwa daimon yana wajen 10,000.

Ga yadda ake yin sa a taƙaice. Ana wanke kayan tas, a jera su a cikin wata tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki. Sai a kankare fuskarsu da iskar argon da aka sa wa lantarki, a ɗora siririn shafe na kuromiyam ko makamancinsa domin ya zama abin riƙo. Daga nan a saki iskar asetilin, irin ta masu walda, lantarki ya farfasa ta, kabon ɗin ya sauka a kan kayan. Idan marar haidirojin ake so, daga dunƙulen girafait ake tayar da kabon ɗin da tartsatsin lantarki. Zafin aikin ba ya wuce kimanin digiri 200, saboda kada ƙarfen ya saki taurinsa. Kaurin da ake samu galibi maikuron 1 zuwa 4 ne.

Fa'idarsa ba ta tsaya ga tauri ba. Idan ƙarfe biyu suka gogi juna babu mai, tsininsu kan manne kamar an yi musu walda, sa'an nan su yage, wannan ne mafarin abin da muke cewa inji ya buga. Kabon ba ya manne wa ƙarfe haka. A busasshen ƙarfe kan ƙarfe, jan kaya yana bukatar ƙarfin da ya kai rabin nauyinsu ko fiye. Idan an shafe ɗaya daga cikinsu, abin yakan sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma, ko kashi ɗaya cikin biyar.

Inda ya ci nasara

Duk inda wannan shafe ya samu karɓuwa, za a tarar wuri ne da mai ke kasawa. Masu tseren motoci suna cikin waɗanda suka fara rungumarsa a sashen bawul da sandar fistin, tun da su tsada ba ta dame su ba. A kasuwa kuwa, injin dizal ne ya buɗe masa ƙofa daga ƙarshen shekarun 1990. Famfo da nozul na injin dizal na zamani suna tura mai da matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau 2,000, kuma babu abin da ke sa musu santsi sai shi man dizal ɗin, wanda ba shi da kauri.

A shekarar 2005 Makoto Kano na kamfanin Nissan da abokan aikinsa, ciki har da Jean-Michel Martin na birnin Liyon a Faransa, sun nuna cewa shafe marar haidirojin, idan ya haɗu da mai da aka sa wa wani sinadari dangin gilisarin, gogayyarsa tana faɗuwa zuwa kimanin kashi 3 cikin ɗari na nauyin da ke kansa, alhali ƙarfe da ƙarfe a cikin mai, a hali na uku, suna wajen kashi 10. A shekarar 2006 kamfanin ya fara sayar da motoci masu wannan shafe a kan ƙoƙon da kamshaf ke dannawa.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne sandar fistin. A bisa al'ada akan sa bushin tagulla a ƙaramin kan sandar haɗi domin ta yi lilo a ciki. Da aka fara shafe sandar fistin da kabon, sai ya yiwu a waɗansu injuna a cire bushin ɗungurungum. A nan shafen ya maye gurbin mazauni sukutum.

Dalilin da ya sa mital ya zauna da taushinsa

To, me ya hana a yi wa mital na karanshaf haka? Amsar tana komawa ga shekarar 1839, lokacin da Isaac Babbitt a Amurka ya yi rajistar mazauni mai shimfiɗar farin ƙarfe mai taushi, wanda akasarinsa kuza ne da ɗan jan ƙarfe da antimoni. Tun daga lokacin, da gangan ake yin fuskar mital da taushi, taurinta a ma'aunin Vickers bai wuce 'yan gomiya ba, kuma taushin yana da aiki uku. Na ɗaya, idan ƙwayar yashi ta shigo da mai, mital yakan haɗiye ta ta nutse a jikinsa, maimakon ta tsaya tana kartar karanshaf. Na biyu, idan sanda ta ɗan karkace ko ta lanƙwasa saboda nauyi, mital yakan saje da ita. Na uku, idan abu ya ɓaci, shi ne ke mutuwa ya bar karanshaf, kuma kowa ya san kuɗin mital ba ya kama ƙafar kuɗin karanshaf.

Shafen kabon ba shi da ko ɗaya daga cikin halayen nan uku. Bugu da ƙari, idan aka ɗora shi a kan ƙarfe mai taushi, sai ya zama kamar ɓawon laka da ya bushe a bakin tafki: sama da tauri, ƙasa da taɓo, ana takawa ya fashe. Ɓarɓashinsa kuwa ya fi yashi ɓarna. Idan kuma karanshaf aka shafe, dole a goge shafen ya yi sulɓi matuƙa, in ba haka ba ya zama magagari a kan mital. Ga tsadar sa babban ƙarfe a tukunya, ga shi kuma ranar da aka kai karanshaf wurin yanka, shafen ya tafi ke nan. Kada kuma a manta da hali na farko na Stribeck: yawancin rayuwar mital, mai ne ke ɗauke da nauyi, kuma a wannan hali shafe ba ya rage wani abin kirki.

Saboda haka masu ƙera mital suka bi wata hanya. Bayan dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 a kan tsofaffin motoci, wadda ta kai ga fitar da dalma daga mital na ƙananan motoci, sun karkata ga gamin alminiyam da kuza, da kuma wani siririn shafe na roba mai jure zafi wanda aka cuɗa da garin sinadarai masu santsi. Wannan ne ya fi yawa a injunan da ke kashe kansu a danja. Shafen kabon a manyan mazaunan karanshaf ya fi tsayawa a ɗakunan gwaji da injuna na musamman.

Akwai kuma waɗansu iyakoki biyu. Na farko zafi: mai haidirojin yakan fara rikiɗa ya koma girafait idan zafi ya haura wajen digiri 300 zuwa 350. Na biyu shi ne baƙin mai kansa. Sinadaran da ake zubawa a mai tun shekarun 1940 domin kare inji an tsara su ne su yi aiki da ƙarfe. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa wani sinadari mai molibdinam, wanda ke rage gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, yana gaggauta cinye shafe mai haidirojin. Ashe ke nan shafe da mai tare ake tsara su, kamar ƙwarya da murfinta.

Abin da ya shafe mu

Ba mu ƙera waɗannan kaya a nan, amma suna shigo mana kullum a cikin sababbin motocin ma'aikatu, da 'yan Kwatano, da manyan injunan dizal. Suna kuma shigowa ƙasar da hunturu ke lulluɓewa da ƙura duk shekara, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ƙwayar yashi tana da tauri wajen 1,000 a ma'aunin Vickers, watau ta fi ƙarfe, ko da yake ba ta kai shafen kabon ba. Ma'anar wannan ita ce, idan ƙura ta shiga mai, ɓangaren da aka shafe zai jure, amma abokin gogayyarsa da ba a shafe ba shi zai sha wuya. Ƙwayar da ido ba ya gani ma ta fi kaurin man da ke raba karanshaf da mital.

Ga ma'aikatan da ke kula da motocin gwamnati da sayen kayansu, shawarata uku ce. A rubuta ainihin ajin man da mai ƙera mota ya ƙayyade a cikin takardar kwangila, a daina rubuta "baƙin mai" kawai, domin littafin mota yakan nuna wanda ya dace da ƙasa mai zafi. A ɗauki matatar iska da matatar mai da muhimmanci, a kuma ajiye littafin juye na kowace mota, a riƙa dubawa. Sa'an nan a tura kanikawan ma'aikata ƙaro sani. Bakaniken da ya buɗe inji ya ga sandar fistin baƙa wuluk tana sheƙi, zai iya ɗauka dauɗa ce ya sa mata samfefa, ya kankare abin da ke riƙe da ran injin cikin minti biyu. Haka kuma wanda ya sa sanda marar shafe a inda aka cire bushi, ya gina wa injin kabari.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na injiniya da kimiyyar sinadarai da ta fizis, akwai aiki a gabanku. Na'urar gwada gogayya mafi sauƙi, tsinke ne da ake dannawa a kan faifai mai juyawa, kuma ba ta fi ƙarfin ɗakin aikin jami'a ba. Da ita za a iya auna yadda ƙurarmu, da zafinmu, da man da ake sayarwa a kasuwanninmu suke yi wa ƙarfe mai shafe da marar shafe. Wanda ke zaune a cikin ƙurar shi ya fi cancanta ya auna ta.

Kammalawa

Shugaban zama, mun ga cewa gogayya tana cin kimanin sulusin man mota, mun ga kuma cewa mai ne babban maganinta muddin ya iya raba ƙarfe da ƙarfe. Inda ya kasa, kamar sandar fistin da sashen bawul da famfon dizal, shafen kabon ya tabbatar da amfaninsa. Inda ake bukatar haɗiye datti da sajewa da sanda, hikimar Babbitt ta 1839 tana nan da ƙarfinta. A wurare biyun duka, tsabtar mai da dacewarsa su ne sharaɗi, kuma wannan sharaɗi a hannunmu yake. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.